Cinikin Sabuwar A-kori-kura: Ina Iyakar Tayi a Shari'a?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, dalilin darasinmu na wannan mako wani tsohon ɗalibina ne, mutumin Zurmi, wanda na taɓa koya wa Nahawu shekaru masu yawa da suka wuce. Ya same ni a zaure a nan Ƙauran Namoda bayan sallar La'asar. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu shanu, ɓarayin daji suka kore fiye da rabi, sai magada suka yi shawara a sayar da ragowar tun ba a raba su da su duka ba, a haɗa da kuɗin wata gona a sayi sabuwar a-kori-kura, wadda za ta riƙa ɗaukar kaya tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. A cikin magadan akwai ƙannensa uku ƙanana, shi ne kuwa wasiyyinsu. Ya je Kano wurin wani mai sayar da motoci, mutumin ya yanka masa kuɗi, ya rantse da Allah cewa ribarsa a ciki ba ta taka kara ta karya ba. Kunya ta kama ɗalibin nawa, ya dawo bai taya ba.

Ya ce mini, "Allah Shi gafarta Malam, na ji hadisin da ya yabi mai sauƙin kai in zai saya da in zai sayar. In na matsa wa mai motar nan, ban saɓa wa Sunna ba kuwa? Sa'an nan wani abokina ya ce in gaya masa an yi mini ƙasa da haka a Kaduna, alhali ban je Kaduna ba. Wannan ƙarya ce ko dabarar kasuwa?"

Na ba shi amsa a taƙaice a ranar, amma na ga ya kamata in faɗaɗa ta a wannan fili, domin tambayar ba tasa ce shi kaɗai ba.

Mu da muka tashi a wannan yanki mun san darajar wannan mota. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan kuwa layin dogo ya tsaya, sabo da haka duk gyaɗa da audugar da za ta shiga jirgi sai an kawo ta daga ƙauyuka, da farko a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a mota. Ina yaro na tarar da a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, bayan an buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, suna cin hanyar Shinkafi kowace Alhamis, buhunan hatsi a ƙasa, mutane a bisa, akuya a cinya. Yau Hilux da 'yan'uwanta sun gaji wannan aiki, sai dai kuɗinsu ya yi nisa ƙwarai. Da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa a kan Naira 460 da 'yan kai ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, duk abin da ake shigowa da shi daga waje kuwa ya bi ta. Wanda zai sayi sabuwar mota irin wannan, sau da yawa dukiyar gida guda ce ya ƙulle a hannunsa. Kuskuren kashi biyar cikin ɗari a irin wannan ciniki ya kai kuɗin abincin iyali na watanni.

To, farkon abin da za mu sani shi ne, tayi halal ne, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi shi da kansa, a kan abin hawa kuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, suna dawowa daga wani yaƙi raƙuminsa ya gaza har ya yi niyyar ya sake shi. Annabi ya yi wa raƙumin addu'a ya zungure shi, sai ga shi yana wuce na gaba. Daga nan Annabi ya nemi ya saye shi. A ruwayar Ibn Ishaƙ, da dirhami ɗaya Annabi ya fara tayi, Jabir ya ƙi, ya ce in ya sallama a haka an ƙware shi. Annabi ya yi ta ƙarawa har ya kai uƙiya guda, watau dirhami 40. Jabir ya sallama, amma ya sharɗanta zai hau shi har gida. Da suka isa Madina, Annabi ya sa Bilal ya auna masa kuɗinsa ya kuma ƙara masa, sa'an nan ya mayar masa da raƙumin kyauta.

Ku dubi abin da ke cikin wannan labari. Mai saye ya fara da ƙasa, ba a zarge shi ba. Mai sayarwa ya ce albarka, ga wa kuwa? Ga Manzon Allah, ba a kuma kira wannan rashin ladabi ba. An sa sharaɗi a fili kafin a rabu. Kyautar da ta biyo baya ta zo ne bayan an gama ciniki, daga dukiyar mai kyautar. Mutanenmu kan riƙe ƙarshen labarin su manta da farkonsa, sai su zaci mumini shi ne wanda duk abin da aka yanka masa zai biya yana murmushi.

Hadisin da ɗalibina ya ambata ingantacce ne, Jabir ɗin nan ne ma ya ruwaito shi. Amma sauƙin kai da ake nufi shi ne barin tsanani da zafin baki da ja-in-ja a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ban da wannan kuma, mutum yana sassauci ne da dukiyarsa. Wanda ya fito da kuɗin gumin kansa, in ya ga dama ya bar wa mai kaya riba mai tsoka, ladansa na wurin Allah. An ruwaito cewa Jarir ɗan Abdullahi al-Bajali ya aiki yaronsa ya sayo masa doki, yaron ya yi cinikinsa a dirhami 300, da Jarir ya ga dokin ya gaya wa mai shi cewa ya fi haka, ya yi ta ƙara masa har 800, domin ya yi wa Annabi mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Wannan kuɗin Jarir ne. Wasiyyin marayu ba shi da wannan dama, haka wakili, haka ma'ajin ƙungiya, haka ma'aikacin da aka aika ya sayo wa hukuma mota. Alƙur'ani ya hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya yi umurni a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta, sabo da haka sa kuɗinsu a mota ba laifi ba ne in an ga maslaha. Amma wanda ya biya abin da ya wuce kima da kuɗinsu don yana jin nauyin mai kaya, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, malamai kuwa sun ce wakilin da ya saya da ƙarin da mutane ba su saba yafe irinsa ba, ba a tilasta wa wanda ya aike shi ya karɓa. Na gaya wa ɗalibina cewa a wurinsa tayi ya wuce halal, ya zama haƙƙi a wuyansa.

Sai kuma mu tambaya, mene ne farashin adalci? Waɗansu suna cewa wai Shari'a ta kayyade riba a kashi ɗaya cikin uku, ko kashi goma cikin ɗari. Babu nassi a kan haka. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina mutane suka roƙi Annabi ya yanka farashi, ya ƙi, kamar yadda Anas ya ruwaito. Urwa al-Bariƙi kuma an ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya sa masa albarka. Abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta sharɗanta shi ne yardar ɓangarorin biyu. Sai dai yardar da aka samo ta hanyar ƙarya ba yarda ba ce, domin mutum ya yarda ne da abin da aka gaya masa, ba da abin da yake a haƙiƙa ba. Don haka farashin adalci shi ne wanda mutum biyu suka tsaya a kansa, kowannensu yana sane da kayan da kasuwar, babu wanda ya rufe wa wani ido.

Daga nan amsar tambaya ta biyu ta fito. Ka ce an yi maka ƙasa da haka a Kaduna alhali ba ka je ba, ƙarya ce, sunan dabara ba zai wanke ta ba. Mun saba wa'azi a kan mai sayarwa mu ƙyale mai saye, kamar shi ba a rubuta masa. Mai saye da ke kushe mota da aibin da ya san ba ta da shi, ko ya rantse cewa iyakar abin da ke aljihunsa ke nan alhali rabin kuɗin ya fito da shi, sun yi canjaras da mai kayan da ya yi rantsuwar ƙarya. Hanyar halal a buɗe take, ita ce ma ta fi ƙarfi: ka je Kadunan. Ka je wurin masu sayarwa uku ko huɗu, a Gusau ko Kano ko Kaduna, ka sa kowanne ya rubuta maka farashinsa a takarda. Wanda ya shiga ciniki da takarda a hannu ba ya bukatar ƙarya. Kana da ikon ka yi shiru a kan abin da ka tanada, domin shiru daban ƙarya daban. Kana da ikon ka ce wannan ne abin da zan biya, ka tashi ka tafi. Tashi kuwa, in da gaske ne, ya fi dogon surutu rage kuɗi.

A nan akwai wata mas'ala da na ga ko masu karatu sukan yi tuntuɓe a kanta. Malaman fiƙihu sun raba ciniki gida biyu. Akwai musawama, watau a yi tayi ba tare da an ambaci nawa mai kaya ya saro ba. Akwai kuma cinikin amana, irin su murabaha, inda mai kaya zai faɗi uwar kuɗinsa ya nemi a ɗora masa riba sananniya. A musawama ba dole ba ne mai mota ya gaya maka nawa ya sayo ta, in ka tambaya yana iya cewa wannan sirrin kasuwa ne. Amma da zarar ya buɗe baki ya ce a kaza ta iso mini, ka ɗora mini kaza, to ya fita daga wannan ɗaki ya shiga wancan, maganarsa ta zama amana. In daga baya ta bayyana ya ƙara a kan uwar kuɗin, a mazhabar Malik in ya yarda ya cire ƙarin da ribarsa ciniki ya tabbata, in ya ƙi mai saye yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar. Sabo da yawan abin da ake bukatar bayyanawa a murabaha ne malamanmu, har da Halil a Muhtasar, suka ga musawama ta fi soyuwa. Nasihata ga masu sayar da motoci ita ce su bar faɗin uwar kuɗi in sun san ba za su faɗi gaskiya ba. Rantsuwa kuwa, hadisin Abu Huraira ya nuna tana tafiyar da kaya tana kuma share albarka. Kai mai saye, rantsuwar mai kaya ba ta ɗaure ka. Ba ka ƙaryata shi ba don ka ce ka ji, amma ga abin da za ka iya.

Wanda bai san mota ba fa? A mashhurin mazhaba, baligi mai hankali da ya saya da tsada ba ya mayar da kaya don tsada kawai, ko da an ƙware shi sosai. Waɗansu malaman Bagadaza na mazhabar sun ba shi zaɓi in ƙwarar ta kai sulusi. Inda aka fi ƙarfafa masa shi ne in ya miƙa wuya, ya ce wa mai kaya ban san farashi ba, ka sayar mini yadda kake sayar wa mutane, sai aka yi masa ƙarya. Akwai wani sahabi da ake yawan yaudara a kasuwa, masu sharhi sun ce Habban ɗan Munƙiz ne, Annabi ya koya masa ya riƙa sharɗanta cewa babu yaudara duk lokacin da zai yi ciniki. Amma ni ban ga hikima ba mutum ya dogara da shari'ar da za a yi bayan kuɗi sun fita. Ka tafi da makanike amintacce, ka biya shi ladansa daga aljihunka, kada ya zama mai jiran la'ada daga ɗaya ɓangaren.

Dillanci sana'a ce halattacciya, la'ada kuma halal ce in an san ta an san mai biyanta. Abin da ya haramta shi ne dillalin da ya raka ka a matsayin naka alhali ya riga ya ƙulla da mai mota a ɗora masa wani abu a kan kuɗin. Mafi muni shi ne wakilin da zai ce a rubuta masa rasit da ya fi abin da ya biya. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, mai rubutawa da mai karɓa duk sun san sunansa. Haka nan najashi, wanda hadisin Ibn Umar ya hana: kana cikin ciniki sai wani ya shigo da babbar riga ya taya motar sama da kai, ba don zai saya ba, sai don ka firgita ka ƙara. A yau ma ba sai ya shigo ba, waya ake bugowa a gabanka. In an tabbatar mai kaya ya san da shirin, mai saye yana da ikon mayarwa. Kai kuma kada ka shiga cinikin ɗan'uwanka. Malik ya bayyana cewa hanin yana farawa ne in mai kaya ya karkata ga mai tayi sun fara maganar biya, amma kafin haka kowa yana iya tayawa.

Sa'an nan a san abin da ake ciniki a kansa. Kalmar "sabuwa" ta sha wuya a bakin mutane. Akwai sabuwa dal wadda ba a taɓa yi wa lamba ba, akwai 'yar Kwatano da aka yi wa fenti aka mayar da agogon tafiyarta baya, akwai tsohuwar ƙira da aka sauya wa fuska da fitilu ta yi kama da ta bana. Sayar da ɗayan biyun nan da sunan ta farko algus ne, mai saye yana da zaɓin aibi. A duba shekarar ƙira, a gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke takarda, a ga takardun kwastan, a ji ko akwai garanti da inda za a kai ta in ta sami matsala. A kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da harajin kaya, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, da kuɗin lamba da na kawowa. Farashin da za a yi ta liƙa masa 'ya'ya bayan an sallama, jahilci ne a cikin kuɗi, jahiltar kuɗi kuwa tana ɓata ciniki.

Mas'alar da ta fi shafarmu mu mutanen wannan yanki ita ce ta hanya. Kowa ya san halin da hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Ƙaura zuwa Zurmi suka shiga a shekarun nan, har ta kai a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. To, in an yi ciniki mota tana Kano ko Legas, ta salwanta a hanya, asarar wa? A mazhabarmu ya halatta a sayi abin da ba ya nan bisa siffa, in ya zo ba kamar yadda aka siffanta ba mai saye yana da zaɓi, kuma lamuninsa yana kan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai in an sharɗanta saɓanin haka. Amma in ka je ka ga motar da idonka, kuka ƙulla a kanta, lamuni ya koma kanka tun daga ƙullawar, ko da direban mai kaya ne zai kawo maka ita. Mutane ƙalilan ne suka san wannan bambanci. Sabo da haka wurin miƙa makulli yana cikin farashi. Motar da za a miƙa maka a Gusau da wadda za ka karɓa a Kano ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da lambar da aka rubuta ɗaya ce. A faɗe shi a fili, a rubuta. Wanda kuma yake nuna maka hoton mota a WhatsApp alhali ba tasa ba ce, ya gaya maka shi dillali ne, domin Annabi ya hana Hakim ɗan Hizam sayar da abin da ba ya wurinsa.

A kula da harshe kuma. Malik ya ruwaito hadisin zaɓin majalisa amma bai yi aiki da shi ba, don bai tarar da mutanen Madina a kansa ba. Ma'ana, a wurinmu in ka ce na saya ya ce na sallama, ciniki ya ƙullu ko ba ku tashi ba. In kana son lokacin shawara da magada ko na gwaji, sai ka sharɗanta zaɓi na kwanaki sanannu kafin ka furta. Malamai sun ba dabbar hawa kamar kwana uku, mota kuwa ita ta fi kusa da ita. Kafin alƙalami da za a ce in ka fasa ya zama na mai kaya, Malik ya hana shi, Imam Ahmad ya halatta, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta halatta shi a 1993 in an sa wa'adi. Wanda ke riƙe da kuɗin marayu dai, ni ina ganin ya tsaya inda Malik ya tsaya, ya sa a rubuta cewa in ciniki bai yiwu ba za a mayar masa da kuɗinsa.

Ɗalibin nawa ya koma. Ya zaga wurare uku ya karɓo farashinsu a rubuce, ya tafi da makanike, ya koma wurin mutumin farko ya ajiye masa takardun ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba. Mutumin da ya yi rantsuwa ya rage abin da ya rage, suka kuma rubuta cewa a Gusau za a miƙa makulli, gaban shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da kafa shaida a ciniki. Ya ce mini da zai tafi mai motar ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ko shi ma ɗan kasuwa ne, ya ce a'a, wasiyyi ne.

Akwai waɗanda suka aiko suna tambaya a kan sayen mota bashi, da bambancin kuɗin hannu da na biya kaɗan-kaɗan, da irin murabahar da bankuna marasa ruwa suke yi tun da Jaiz ya fara aiki a 2012. Wannan ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Shi ne Masani.